Mamaci Mai Ladabi

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ina kicin ina yanka alayyafo na jiyo shi. Bugu ne na mai hankali, a tsanake, ba irin na mutanen layinmu na Agege ba, masu dukan ƙofa kamar ta zagi iyayensu. Na goge hannu, na zura hijabi, na je na buɗe. Babu kowa a baranda sai kayan shanya suna ɗiga. Na koma. Ban gama ɗaurin alayyafon ba na sake ji. Na sake zuwa, na leƙa hagu da dama, har na amsa wa iska sallama don kada in shiga hakkin wani. Da bugun ya dawo sai na tsaya cak da wuƙa a hannu ina karanto abin da ya sawwaƙa, domin yanzu na gane daga cikin gidan yake fitowa.

A falo na same shi, cikin talabijin. Asabar ce, an kawo wuta, yara sun baje a leda suna kallon wani fim da aka tura musu a shagon masu turi na bakin titin jirgi. Wani bature ne tsaye a gaban wata koriyar ƙofa, fuskarsa fari fat kamar an tsoma shi a garin rogo, da laktaye a wuya, ƙafarsa ta hagu babu takalmi. Ya ɗaga hannu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya sauke, ya jira.

Na ce, "Mene ne wannan kuma?"

"Zombi ne, Mama," in ji Auta, wadda a lokacin take aji ɗaya a firamare. "Ya mutu, amma bai sani ba."

Na yi a'uziyya na miƙa hannu zan ɗauki rimot. Sai murya ta fito daga kan darduma a lungun falo.

"Bar shi, 'yar nan. In ga ko za su buɗe masa."

Inna ce, mahaifiyar maigidana. Kuma a duk wannan makon ba ta yi mini magana mai tsawon wannan ba.

Daga ƙauye aka ɗauko ta aka yi mata aikin ido a Ikeja. Kafin nan ita kaɗai take zaune tun rasuwar mijinta, har wata rana ta zame a banɗaki ta kwanta a wurin sai da wata maƙwabciya ta shigo aron turmi. Likita ya ce kada ta ƙara zama ita kaɗai. Inna ta ce likita bai haife ta ba. Jakar buhunta mai zif tana jingine a bayan ƙofar ɗaki, a ɗaure, kullum a shirye. Ko butarta ba ta yarda ta kwana a waje ba. In ta yi alwala sai ta zazzage ta, ta goge da gefen zane, ta mayar cikin jaka ta ja zif. Kowace Juma'a tana cewa wannan ce ta ƙarshe da za ta yi a Ikko.

Mu kuwa babu mai bakin ce mata ta zauna. Maigida ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take ce masa, in kuma magana ta haɗa su, ita bango take kallo, shi ƙasa. Ni suruka ce, iyakata gaisuwa da ga abinci, ga magani. Abin da muka iya furtawa ɗaya ne: likita ya ce. Auta kaɗai ke shiga mata hanci, ta ce mata tsohuwa mai ido sabo, ita kuma ta ce mata mai kan kwakwa.

Ranar na bar alayyafo na zauna, domin Inna ta ce in riƙa gaya mata abin da suke faɗa. Turancin sakandare na kakkaɓe, ya yi mini rana.

Fim ɗin na raha ne, kuma da gani ba a kashe masa wani abin kirki ba. Ƙaramin gari ne, matattu sun tashi suna yawo, amma a hankali suke tafiya, kamar masu dawowa daga walima. Masu ran su huɗu ne, duk babu mai wayo a cikinsu, sun ɓuya a shagon kayan miya. Babbansu wani mai tumbi ne, makaminsa kaskon suya. In mamaci ya matso, sai ya tsaya ya gama cin burodinsa tukuna, ya goge baki, sannan ya ɗora masa kaskon a ka. Yara suna ta birgima. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na dara.

To amma kowane ɗan lokaci sai fim ɗin ya bar su ya koma kan mai takalmi ɗaya. Ana ruwa, yana ƙwanƙwasawa. Mota ta kama da wuta a bayansa, yana ƙwanƙwasawa. 'Yan uwansa matattu suna fasa tagogi suna shiga gidajen mutane, shi ko kallonsu ba ya yi. Sau ɗaya ma ya duƙa ya gyara tabarmar goge ƙafa da ta karkace.

"Wannan ɗan gidan mutunci ne," in ji Inna. "Tun da na zo garin nan ban ga mai ladabinsa ba."

Na ce, cikin ladabi, "Inna, ai wasa ne. Mutum ne mai rai aka shafa masa hoda. Wanda ya rasu ba ya dawowa."

"Ni yarinya ce? Na wanke gawa kafin a haife ki. Na san wasa ne. Amma ko a wasa ai a buɗe wa mutum."

Fim ya ƙare, sunaye suka gama hawa, aka sake nuno shi. Gari ya waye masa, tsuntsu ya sauka a kafaɗarsa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Allo ya yi baƙi.

"Shi ke nan?" Inna ta tambaya. "Haka za su bar bawan Allah?"

"Akwai na biyu, tsohuwa," in ji Auta.

"To ba inda za ni sai na ga an buɗe masa."

Ni da babbar 'yata muka kalli juna. Da maigida ya dawo daga kasuwar Mile 12 yana ƙamshin albasa, na gaya masa a kicin. Ya daɗe yana wanke hannu. Can ya ce, "Na biyun nan, ina jin zai yi wuyar samu."

Ba zai yi ba. Yana nan a shagon masu turi, ko Auta aka aika za ta karɓo. Amma ba a aike ta ba. Ban yi ƙarya ba, wannan kam na kiyaye. In Inna ta tambaya sai in ce ba a kawo ba tukuna, kuma gaskiya ne, ba a kawo ba. Maigida ya ce zai duba, kuma kullum in ya wuce shagon yakan duba shi da ido. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai, har na tari malamarmu ta Islamiyya bayan an tashi.

"Malama, mene ne hukuncin wanda ya jinkirta kawo wani abu don kada wani ya yi tafiya?"

"Abin hakkinsa ne?"

"Fim ne."

"Na wa'azi?"

"Na matattu ne. Amma ɗaya yana da tarbiyya."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta tambaye ni ko ina samun barci sosai.

Da yake babu na biyu, sai muka yi ta maimaita na ɗaya. Duk ranar da aka kawo wuta bayan la'asar, Inna za ta gyara zama ta ce a sa mata mutumin nata. Na haddace fim ɗin kamar karatun allo, har nakan fassara magana kafin mai tumbi ya buɗe baki. Maƙwabciyarmu Maman tagwaye, Bayarabiyar da ɗakinta ke kallon namu, ta fara shigowa da kujerarta. Ita a ganinta matarsa ce ta yi yaji take ciki, ya zo biko.

"Ki bar shi ya sha wahala o! Maza, ko sun mutu, halinsu ɗaya."

Wata rana maigida ya dawo da wuri ya tarar ana muhawara. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce wa leda, "Wataƙila kurame ne a gidan."

Inna ta ce wa bango, "A gaya wa wancan, kurma ma yana ganin inuwar ƙafa ta ƙasan ƙofa."

Auta ta tashi, ta taka zuwa gabansa, ta ce, "Baba, an ce kurma ma yana ganin inuwa." Ta dawo ta zauna.

A cikin wannan jiran ne Inna ta shanye magungunanta ba tare da an yi fama ba. Ta fara biyo ni kicin. Da farko a bakin ƙofa take tsayawa ta ce daddawata ta yi kaɗan, daga baya ta karɓi kujera 'yar tsuguno, ta karɓi yankan kuɓewa, muna aiki muna maganar mai takalmi ɗaya. Ina ya yar da ɗayan? Wa ya yi masa tarbiyya? Ta nan ta ba ni labarin ƙofar zaurensu ta ƙauye, wadda ba a taɓa sa mata sakata ba sai bayan rasuwar Malam, mijinta. Tawa mahaifiyar ta rasu ina budurwa. Ban san ina kewar a tsaya a kaina a ce gishirina ya yi yawa ba sai da na samu. Yanzu ba don likita nake so ta zauna ba. Amma butar nan, kullum sai ta koma jaka.

Maman tagwaye ce ta kawo ƙarshen abin, kuma da zuciya ɗaya. Wata Lahadi ta banko ƙofa babu sallama, tana kaɗa wa Inna fulash mai ɗauke da fim na biyun a sama.

"Mama! Na samo miki o! Kullum ba a kawo ba, ba a kawo ba, ashe yana nan bakin titi. Mutanen gidan nan ba su iya neman abu ba."

Na yi addu'a a ɗauke wuta, abin da ban taɓa roƙa ba tun da na zo Legas. Ranar wuta ta zauna daram kamar an ɗaura mata aure da layinmu.

Na biyun, da gani an zuba masa dukiya. An bar ƙaramin garin an koma wani birni mai dogayen benaye. Ga jirgi mai saukar ungulu, ga sojoji, ga abubuwa suna ta fashewa ba dalili. Matattun kuma yanzu gudu suke yi. Gudu na gaske, irin na kwandastan motar haya ta danfo in ya hango fasinja. Suna hawa bango, suna tsallake motoci, ɗaya ma har babur yake tuƙawa.

"Ina za su da sauri haka?" in ji Inna. "Wanda ya riga ya mutu, me kuma zai makara a kai?"

Mai tumbi ya dawo, amma tumbin ya tafi, ya yi ƙwanji, kaskonsa ya zama biyu, kuma an sa musu wuta mai walƙiya. Ba ya tsayawa cin burodi, babu lokaci. Duk abin da ya ba mu dariya a na ɗaya sun sake yinsa, sai dai da ƙarfi, kamar mai ba da labari ya ga ba a dara ba ya maimaita da ihu. A na ɗaya yara birgima suke yi. A wannan ihu suke, suna tsalle, amma ban ga wanda ya riƙe ciki ba. Fassara ma ta gagare ni, domin rabin maganar ashar ce. Na yi ta cewa, "Ya faɗi abin da bai kamata ba. Ita ma ta rama. Yanzu dukansu suna faɗa tare."

Inna ba ta kula da ko ɗaya ba. Ta matso gaban talabijin da sabon idonta tana bin kowace ƙofa. Aka ci rabi babu shi. Na fara sa rai sun manta da shi, in sun manta kuwa sai a jira na uku, ko da ba a yi shi ba.

Ana dab da ƙarewa sai ga koriyar ƙofa.

Yana tsaye a gabanta, da laktayensa. Amma ya yi ƙiba, wuyansa har ya ninku, kuma takalmansa biyu, sababbi.

"Ba shi ba ne," in ji babbar 'yata. "Sun canja mutum."

"Gawa tana ƙiba?" in ji Maman tagwaye. "Wa yake ba shi abinci?"

"Shi ne," in ji Inna. "Ku yi shiru."

Ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Ya tsaya. Ya juyo ya kalle mu, ya kashe ido ɗaya. Sannan ya ja da baya, ya sa sabon takalmin ya yi wa ƙofar wani irin harbi, ta ɓalle da gimshiƙanta ta faɗi ciki. Ya shige a guje yana gurnani kamar sauran. Ko nuna mana waɗanda ke cikin gidan ba a yi ba.

Yara suka yi shewa. Maman tagwaye ta tafa ta ce yawwa, yanzu ya zama ɗan Legas.

"Kashe," in ji Inna.

Na kashe. Ta daɗe tana kallon baƙin allon.

"Ba laifinsa ba ne," ta ce. "Ya tsaya iya tsayuwa. Da mutum ɗaya ya leƙo ya ce masa shigo, ko ya ce masa muna son ka, da bai zama haka ba. Da ma tun yana da kunyarsa ya juya ya koma garinsu." Ta dafa bango ta miƙe. "A gaya wa wancan, gobe a kai ni tasha."

Wannan karon Auta ba ta kai saƙon ba. Maigida ya ji da kansa daga baranda.

Washegari rana ta fito, maigida ya tafi neman keken da zai ɗauki kaya, yana tafe yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura. Inna ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa tana ɗaure-ɗaure. Ni ina kicin ina zuba mata dambun nama a roba, na hanya. Na shirya maganar tun asuba, kalma uku ce kacal. Na gwada ta a kan tukunya, ta fita lafiya. Na gwada a kan murfin roba, ta fita. Sai na ji ƙarar zif daga ɗaki, na ajiye komai na fito da sauri, silifas ɗina ɗaya ya maƙale a ƙafar kujera 'yar tsuguno, ban koma ɗauka ba.

Na tsaya a gaban ƙofarta. Na ƙwanƙwasa.

"Waye?"

Shekarun da na yi ina sunkuyar da kai a gabanta suka taru suka danne kalmomin nan uku. Abin da hannuna ya iya kawai ya sake yi. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

"Na ce waye?"

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Maman tagwaye ta leƙo ta ƙofar falo da bokiti a hannu, ta gan ni, ta ajiye bokitin a hankali ta toshe baki. Auta ta fito da burodi a hannu ta tsaya tana kallo. Ni kuwa ga ni nan, matar aure, uwar 'ya'ya, garin tuwo a goshi, ƙafa ɗaya a ƙasa, ina buga ƙofar ɗakin da ni nake share shi kullum. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na ji motsi ya tsaya a ciki. Na ga inuwar ƙafafunta ta ƙasan ƙofa.

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba, kamar ana tace koko. Inna ce take dariya.

Ta buɗe. Ta dube ni daga goshi har ƙafa, idonta sabo da tsoho duk suna hawaye.

"Shigo, 'yar nan. Shigo, kada ki ɓalla musu ƙofa."

Ban shiga ba. Na durƙusa a wurin, na kalli ƙafarta, na ce, "Inna, kada ki tafi."

"Likita ya ce?"

"Ni na ce."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, wanda babu abin da ya same shi. Sannan ta ce wa bango, "Mutum da girmansa yana yawo da takalmi ɗaya." Ta juya, ta zuge jakar, ta ciro butar, ta ratsa ta gefena ta fita baranda. Ta ajiye ta a gindin famfo, a layin namu butocin, ta ɗan gyara mata zama.

Da maigida ya iso da mai keke, butar ya fara gani. Ya tsaya yana kallonta. Ya juya ya ba mai keken haƙuri, mai keken ya tafi yana faɗin abin da bai kamata ba da Yarabanci.

Na koma kicin ina neman silifas ɗina. Auta ta biyo ni tana tauna burodi, ta tsaya ta ƙare wa ƙafafuna kallo.

"Mama, naki ya fi na biyun kyau," ta ce. "Amma kin yi kuskure. Shi na hagu ne babu."